Murfin Garmahon Alhaji Buba

Duk garin Ƙofa an san ni ce na ɓata sunan Khairiyya, amma kaɗan ne suka san yadda aka yi ya gyaru, don haka gara in faɗa da kaina kafin wata ta riga ni ta ƙara gishiri.

Alhaji Buba taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, saboda haka abin da na ga dama nake gaya masa, shi ma yana ramawa. Dillalin shanu ne a da, ya ci kasuwa tun daga Kiru har Tudun Wada, yanzu ƙafa ta ƙi, ya zauna gida. Abin jin daɗinsa guda ɗaya ya rage, garmahonsa. Ba irin na can da ba wanda ake wanawa da hannu, wannan na lantarki ne, daga Makka ya sayo shi, da lasifika biyu da murfin roba mai haske kamar gilashi, ana ɗaga shi ana saukewa. Tun da ɗansa Ismail ya sa masa sola, kullum bayan la'asar sai ya kunna.

Faya-fayansa sun kai ashirin, amma ɗaya yake ji. Yayansa Hamma makiyayi ne mai busa sarewa, wasu masu buga faifai suka ji shi a kasuwa, suka kai shi Kano suka ɗauki busarsa, lokacin ina da goyon fari. Shekara biyu bayan nan Hamma ya rasu. Ko hotonsa babu. Wannan baƙin faifan ne kaɗai abin da ya bari, kuma Buba yana riƙe shi kamar ƙwai. Bayan katangarsa akwai injin niƙa, gari yana tashi ya biyo taga ya kwanta a kan komai. Shi ya sa da ya ɗora allura sai ya yi maza ya sauke murfi, faifan ya yi ta juyawa a rufe. Haka yake yi shekara arba'in.

Ismail direban bas ne a Kwanar Dangora. A ƙarshen kaka ya auro Khairiyya daga Doguwa, doguwar yarinya marar hayaniya, mai tsabta kamar mage. In ta wuce wuri ta ga datti sai hannunta ya kai, ko ba ta yi niyya ba. Ana cikin rani gwiwar Hajiya Furera, matar Buba, ta kumbura, sai ya zama amarya ce ke kai wa tsoho furarsa ta la'asar.

Kun dai san kunyar suruki a gidan Fulani. Za ta yi sallama daga bakin ƙofa, ta durƙusa, ta ja gwiwa har gaban ɗan teburin da garmaho yake, ta ajiye ƙwarya, ta tattara kwanukan rana. Shi kuma da ya ji sallamarta sai ya juya fuska bango, ya kama jan carbi. Bai taɓa kallonta ba, ba ta taɓa kallonsa ba, magana kuwa sai amsa gaisuwa.

Ranar farko da ta shiga, sarewa tana cikin tafiya, sai allura ta yi tsalle, ƙarrr, ta faɗa can gaba. Buba ya ɗauka tsautsayi ne. Kashegari ta shiga, aka sake. Rana ta uku ma haka. In ba ta shiga ba, faifai ya juya har ƙarshe lafiya lau. Hankalin tsoho ya tashi, don kowane tsalle yana iya barin zane a jikin faifan, in kuwa ya lalace Hamma ya mutu na biyu. Ismail ya ɗauki garmahon ya kai wa Habu mai gyaran rediyo a Kwanar Dangora. Habu ya riƙe shi kwana biyu, ya canza allura, ya ce ya wuni yana kunnawa bai ga komai ba. Aka dawo da shi, amarya ta shiga da fura, allura ta yi tsalle.

To, nan ne bakina ya shigo. An yi wani suna a Bebeji, muna zaune a rumfa muna jiran tuwo, hira ta yi sanyi, kowa na hamma. Ni kuwa ba na son zama shiru. Sai na ce, "Kun ji gidan Buba kuwa? Marigayi Hamma ya ƙi amarya. Da ta sa ƙafa a ɗaki sai ya ajiye sarewa." Aka yi dariya har da tafawa, tuwo ya zo, na manta.

Magana zarar bunu ce. Kwana goma ba a yi ba wata mai sayar da daddawa ta zo daga Kiru, ta ja ni gefe ta ce ko na ji labarin amaryar Ƙofa mai iska, wadda in ta shiga ɗaki ƙarfe ke tashi sama. Wai a Doguwa ma an san gidansu da haka, wai shanun ubanta ba sa kwana in tana ruga. Na saurare ta har ƙarshe, don labarin ya yi kyau, sai daga baya na gane nawa ne ya yi ƙiba ya dawo.

Ranar Laraba na shiga gidan duba gwiwar Furera. Na same ta a tabarma, ta miƙe ƙafa, fuska a ɗaure.

"Na aika Doguwa," in ji ta. "Jibi Juma'a wanta Abdullahi zai zo ya tafi da ita, ta je ta huta."

"Hutun me, Furera? Noma ta yi?"

"Ki bar ni, Baturiya. Mata sun daina aiko yara ɗiban wuta gidan nan. Jiya na aika wa maƙwabta dambu, da aka ji ita ta yi, kaji aka zuba wa. Alhaji ya kwana uku bai kunna abinsa ba sai ta fita unguwa. A je a yi mata addu'a a can, in Allah ya sa da rabon zama, ta dawo."

Ni da ita duk mun san amaryar da aka mayar hutu wata huɗu da aure, da irin wannan suna a kanta, ba ta cika dawowa ba. Na ce Ismail fa? Ta ce ya yi ta rantsuwa har da hawaye, amma me zai ce, shi ma a gabansa allurar ta taɓa tashi.

Da zan fita na ga Khairiyya a bakin rijiya tana wanke ƙwarya. Ta durƙusa ta gaishe ni, "Sannu da zuwa, Gwaggo," idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta rawa. Na amsa na wuce da sauri. Ban cika jin kunya ba a rayuwata, ranar na ji.

Alhamis bayan la'asar na yi wa Buba sallama na shige ɗakinsa kai tsaye, na zauna a buzunsa.

"Wa ya gayyato mayya?" in ji shi.

"Mayya ta zo ganin tsohon da ƙarfe ya kora daga ɗakinsa. Kunna mini Hamma."

"Yarinyar nan za ta kawo fura yanzu."

"Don haka na zo. Kai ka taɓa ganin abin da ke faruwa in ta shigo?"

"Ina ji dai."

"Na ce gani."

"Haba, Baturiya. In zuba wa matar ɗana ido?"

"To ni ba surukarta ba ce. Kunna, ka juya bangonka."

Ya yi ta gunaguni, amma ya ciro faifan daga jakarsa, ya hure shi, ya ɗora allura, ya sauke murfi. Sarewa ta fara. Can sai ga sallama. Buba ya juya kamar an murɗa shi. Ni kuwa na buɗe ido tar.

Ta shigo a durƙushe, ta ajiye ƙwarya, ta haɗa kwanuka. Kanta a sunkuye, idonta a ƙasa. Amma hannunta na dama ya kama gefen hijabinta, ya kai kan murfin nan da garin injin ya yi wa fari, ya goge, shaf, shaf, shaf, sau uku. Ko kallon wurin ba ta yi ba. Sai na ga hannun garmahon, wanda allura ke jiki, ya yi sama kaɗan kamar an kira shi, ya sauka a wani wuri. Ƙarrr.

Buba ya yi salati. Yarinya ta kwashi kwanuka ta fita da baya.

Na ce, "Cire Hamma ka ajiye. Ɗauko wanda ba ka so."

Ya ɗauko wani faifan Indiya da aka haɗo masa da garmahon, wanda bai taɓa ji har ƙarshe ba. Ya ɗora, ya rufe, wata mata ta fara tsiwa da siririyar murya. Na kama bakin zanena na atamfa na goge murfin. Shiru, mata tana ta waƙarta. Na ƙara gogewa da ƙarfi. Ko gezau.

"Sannu, boka," in ji Buba. "Nawa ne kuɗin aikin?"

Na ce a raina, Baturiya, ko dai ƙaryar da kika yi ta zo daidai da gaskiya? Na zauna ina kallon zanena, tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta yi laushi. Sai na tuna nata ba irinsa ba ne. Hijabinta irin yadin nan ne mai santsi da 'yan mata ke yayi, wanda in rani ya yi yake manne wa mutum a jiki, in za a cire ya riƙa ƙas-ƙas yana tayar da gashin hannu.

Na leƙa tsakar gida na ce, "Ke Khairiyya, sa mayafi ki miƙo mini hijabin nan. Furera, jawo ƙafarki ki zo, yau za ki ga iska da idonki."

Furera ta dogaro sanda ta shigo tana cewa ita ba ta son wasan banza. Khairiyya ta tsaya daga waje, jikin ƙyaure. Na danƙa wa Furera hijabin na ce ta goge murfin.

"Ni? Don me?"

"Gari ya kwanta a kai. Ko tsabtar ma sai an roƙe ki?"

Ta harare ni, ta goge, sau ɗaya, biyu, uku, huɗu. Hannun garmaho ya ɗaga, Ba'indiya ta tsallake rabin waƙarta ta faɗa kan ganga. Furera ta saki hijabin ta ja da baya har sandarta ta faɗi.

Na ce, "To fa. Ashe ke ma mutanen Indiya ba sa son ki. Sai mu aika gidanku a zo a tafi da ke hutu."

Buba ya karɓi hijabin da yatsa biyu, kamar wanda zai ɗauki kunama, ya goga da kansa. Allura ta tashi. Ya jira, ya sake, ta sake tashi. Ya kai bayan hannunsa kusa da murfin, muna kallo gashin hannun ya miƙe tsaye. Sai ya lalubo wayarsa ya kira Habu, ya sa ta yadda kowa zai ji, ya kwashe labari ya gaya masa.

Habu ya yi dariya har da tari. "Ai wuta ce, Baba. Roba irin wannan in aka goge ta da busasshen yadi mai santsi sai ta tara wata 'yar wuta, ballantana yanzu da iska ta bushe. Hannun allurar kuma ba shi da nauyi, sai murfin ya jawo shi sama kamar maganaɗisu. In za a goge, a kashe tukuna, a sa tsumma mai ɗan danshi."

"To kai da ka riƙe shi kwana biyu, me ka gani?"

"Ni a buɗe na gwada, Baba. Wa ke jin faifai a rufe? Murfi na ajiya ne. In ka rufe yana juyawa, ga lasifika a teburi ɗaya, ƙarar tana dukan murfin, yana rawa, yana mayar wa allura. Sai sauti ya dushe."

"Shekara arba'in ina rufewa."

"To shekara arba'in kana jin sa ta cikin tulu. Ja murfin sama daga baya, zai fita gaba ɗaya. In ka gama ka mayar."

Buba ya ajiye waya. Ya tashi ya rufe tagar da ke kallon injin, ya kama murfin ya ja, ya fita salin-alin, ya jingine shi a bango. Ya ɗauko Hamma ya ɗora.

Ni kunnena ba na makaɗa ba ne, amma na ji bambanci. Wani gunji da ke bin bayan sarewar kullum, wanda na ɗauka haka aka yi faifan, ya tafi. Busar ta fito siririya, tsaf, kamar mutum na zaune a buzu tare da mu. Kafin kowace gaɓa ana jin ya ja numfashi, har da wani ɗan sauti da leɓensa ke yi in zai kama bakin kara.

"Haka yake yi," in ji Buba a hankali. "Haka yake jan iska, ta gefen baki."

Muka saurara har faifan ya ƙare. Furera tana share ido da bakin ɗankwali. Buba ya ɗage allura, ya mayar da faifan jaka, ya mayar da murfi. Sannan ya juya fuska bango, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙyaure zai ji.

"Baturiya, ki gaya wa yarinyar nan ba ta da laifi. Ki ce mata tsabtarta ce ta jawo, mu kuma rashin kallo ya jawo mana. Ki ce ta yafe wa gidan nan. Daga yau murfin nan a hannunta yake, ta riƙa goge shi da safe da jiƙaƙƙen tsumma, ban yarda kowa ya taɓa ba."

Na buɗe baki zan maimaita, sai muka ji daga waje, can ƙasa-ƙasa, "Na ji, Baffa. Allah ya ƙara girma." Ita ce doguwar maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu.

Sai dai aike ya riga ya tafi. Juma'a da hantsi ga Abdullahi ya sauka daga mota, fuska ba annuri, ya ce motar komawa tana jiran su a Kwanar Dangora, ya kama kujera biyu. Furera ta sa aka yanka masa zakara, ta zaunar da shi ta yi ta bayani, tana haɗawa da rantsuwa. Aka kai shi ɗakin Buba aka ɗora masa Ba'indiya, aka ba shi hijabi ya goga da hannunsa. Ya yi murmushi, amma bai saki jiki ba.

"Na gani, Inna," in ji shi. "Amma ni kaɗai na gani. Can gida mahaifiyarmu kwana shida ba ta fita ko barka ba. In na koma na ce murfi ne, cewa za a yi an ba ni zakara na ci."

Ina tsakar gida ina sauraro, sai Khairiyya ta zo ta durƙusa kusa da ni da kofin ruwa.

"Gwaggo, in tambaye ki?"

"Tambayi, 'yar nan."

"Wa ya fara faɗar maganar nan a kaina?"

Na sha ruwan, na daɗe ina sha. Na duba ko akwai wadda zan ɗora wa, duk wadda na tuno tana da 'ya'ya maza masu zafin kai. Na ce, "Ni ce. A Bebeji, wajen suna. Wasa na yi."

"Na sani," in ji ta. "Ƙanwar mai jegon ƙawata ce, tun ranar ta gaya mini. So nake in ji ko za ki faɗa."

"To na faɗa. Sai ki yanke mini hukunci."

Ta karɓi kofin, ta goge gindinsa da tafin hannu. "Ni ba zan je Doguwa ba, Gwaggo, ina da wanki. Amma Yaya ya kama kujera biyu. Innata ba za ta yarda da bakinsa ba, ba za ta yarda da nawa ba. Wadda ta ƙulla ita za ta je ta kwance, a gaban matan unguwa, ba a ɗaka ba."

Na ce mata bayana yana ciwo, hanyar Doguwa kuma akwai nisa. Ta ce Yaya zai ba ni gefen taga. Na ce ban zo da kayan kwana ba. Ta shiga ɗaki ta fito da zane biyu a ninke, da hijabin nan a sama, ta ce in tafi da shi ko za a nemi shaida. Buba yana jin mu daga ɗakinsa, ya ce a gaya wa mutanen Doguwa in sun ga dama su riƙe ni, ba a nema.

Haka na bi Abdullahi. Kafin mu kai Tudun Wada na ba mutanen motar labarin sau biyu, na biyun ya fi daɗi, har direba ya rage rediyo. Da la'asar muka isa. Uwar Khairiyya ta tara mata sun fi ashirin a tsakar gida, ba wadda ta amsa gaisuwata da kyau. Na miƙe tsaye duk da bayana, na fara da cewa ni ce maƙaryaciyar, sannan na ba su sauran. Na aika aka samo mini murfin bokitin roba, na goga hijabin a kai, na kai murfin kan ɗan tarin dusa, dusar ta yi tsalle ta manne. Sai da kowace mace ta gwada da hannunta.

Uwar ba ta yi dariya ba sai can da za a kira magariba. Ta kawo mini nono da dambu, ta ce in kwana biyu, don gobe akwai biki a ƙauyen gaba, kuma can ma labarin farko ya je.